An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ɗaukar Waƙa Da Kwamfuta A Gida

A ƴan shekarun nan da wuya ka ratsa wata babbar unguwa a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ba ka ji kiɗa yana fitowa daga wani ɗan ɗaki da ake kira situdiyo ba. In ka leƙa, abin da za ka tarar bai wuce kwamfuta ɗaya ta hannu ba, da makirfo, da ɗan akwatin sauti da ake haɗawa da kwamfutar, da lasifika biyu, sai saurayi yana zaune yana gumi. Ni ma ina da irin wannan ɗaki a gidana, kuma da yake na riga yawancinsu fara sana'ar, tun zamanin kaset, kusan kowane mako sai wani ya yi mini sallama da kwamfutarsa a hammata, yana cewa manhajarsa ta lalace, in taimaka in goge ta in zuba masa wata. To abin da nake so in faɗa a wannan wata shi ne, mafi yawan lokaci manhajar lafiyarta lau. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Wanda bai ga jiya ba ba zai san arhar yau ba. A da abin da mai ɗaukar waƙa a gida yake mafarkin samu shi ne Portastudio na kamfanin Tascam, wanda ya fara fitowa a 1979, mai ɗaukar layi huɗu kacal a kan kaset. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 kuwa, duk wani kayan da ake shigowa da shi daga waje sai kuɗinsa ya ninka, mafarkin ma ya gagara. Mai son a ɗauki waƙarsa sai ya nufi Yamai, ko ya tsallaka Kano inda fiyanon Yamaha ya kama gari. A can Turai kuwa aikin yana ta komawa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da Cubase a 1989, a 1996 kuma ya ɓullo da tsarin VST, watau ƴan ƙananan manhajoji da ake cusawa cikin babbar su yi aikin gyaran murya ko na kayan kiɗa. FruityLoops ya fito daga ƙasar Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, aka sake masa suna FL Studio a 2003. Audacity ya zo a 2000, Reaper kuma a 2006. Yau yaro ɗan shekara ashirin yana da layi ɗari in ya ga dama. Sai dai Portastudio maɓallansa a fili suke, kana ganinsu kana taɓawa. Na kwamfuta a ɓoye suke cikin shafukan saiti, kuma babu mai zama ya nuna wa yaran nan inda suke.

Matsalar da ta fi kowace ɓata zumunci tsakanin mai ɗauka da makaɗi ita ce jinkiri. Bara waccan ɗan ƙanwata, wanda ya buɗe nasa ɗakin, ya aiko a kira ni da gaggawa. Wani dattijo ne makaɗin kalangu aka kawo masa daga ƙauye, cikin ƴan kaɗan da suka rage masu riƙe da taken mahautan da na wannan yanki, kuma ƴaƴansa ne suka haɗa kuɗi a ɗauka tun yana da ƙarfin hannu. Ranar kasuwa kaɗai yake shigowa gari. Na tarar ya cire abin saurare na kunne, watau kask, ya ajiye a kan tabarma, yana neman takalmansa.

Ɗan nawa ya tare ni ya ce, "Kawu, Baba ne ya kasa bin kiɗan, sau shida muna sakewa."

Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, shekara hamsin ina kiɗa ba a taɓa ce mini hannuna ya makara ba. Abin nan nasu ne yake yi mini gardama. In na buga sai ya amsa mini a baya, kamar makaɗa biyu a fage ɗaya."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri ku zauna, gaskiyarku ce. Ku ba ni minti biyar."

Ga abin da yake faruwa, kuma lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Kwamfuta ba ta ɗaukar sauti a dunƙule. Ɗiba take yi, sau 44,100 a kowace daƙiƙa in an bi ma'aunin faifan CD. Kuma ba ta kai kowace ɗiba wurin aiki ɗaya bayan ɗaya, sai ta tara su a wani ma'aji da ake kira bafa, masu Faransanci kuma su ce tampon. Ku ɗauke shi kamar guga a bakin rijiya: sai ya cika ake jawo shi. In gugan mai cin ɗiba 128 ne, cikarsa ba ta kai milisakan 3 ba, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mai cin 512 yana ɗaukar wajen milisakan 12. Mai cin 2048 kuwa sai ya yi 46. Sautin kuma sau biyu yake jiran guga, da shigarsa da fitarsa zuwa kunne. A kwamfutar ɗan nawa 2048 na tarar, watau jinkirin ya kusa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka tamkar an ce wa dattijon nan ya buga kalangu a nan, ya saurare shi daga nisan mita talatin. Wa zai iya? Mai fiyano yakan daure da ɗan jinkiri, amma mai kalangu da kunne yake matsa tsarkiya, yana ji yana sakewa, a nan maganar gangar take.

Abu biyu na taɓa. Na farko direba, watau ƴar manhajar da ke tsakanin akwatin sauti da babbar manhaja. Hanyar sauti ta yau da kullum a Windows an yi ta ne domin kallon fim da sauraren waƙa, tana da zagaye da yawa. Domin haka ne Steinberg suka ƙirƙiro ASIO, wadda ke kai sauti kai tsaye. Kowane akwatin sauti na kirki yana da nasa direban ASIO, shi ya kamata a zaɓa a shafin saitin sauti. Wanda ba shi da akwati, sai ramin makirfo na jikin kwamfuta, yana iya lallaɓawa da ASIO4ALL, amma mai akwati ya yi amfani da na akwatinsa. Masu Mac ba su da wannan ciwon kai, nasu tsarin a haɗe yake zuwa. Na mai da bafa 128. Na biyu kuma, a jikin yawancin akwatunan nan akwai wani maɓalli na ji kai tsaye, wanda ke mai da sautin makirfo zuwa kunne tun bai shiga kwamfuta ba. Na danna shi, na kashe jin da manhaja ke bayarwa a wannan layin domin kada a ji biyu. Dattijo ya mai da kask, ya buga sau uku, ya yi murmushi. Kafin la'asar an gama.

To me ya sa ba za a bar gugan ƙarami kullum ba? Domin ƙaramin guga yawan zirga-zirga gare shi. In waƙa ta yi layi talatin, kowane da kayan gyaransa, kwamfuta ba za ta iya cika guga ta juye a kan kari ba, sai ka fara jin ƙaf-ƙaf kamar ana suyar gyaɗa, ko sauti ya riƙa yankewa. Saboda haka ɗan nawa bai yi laifi ba da ya ɗaga bafa a daren jiya yana haɗa wata waƙar biki. Lokacin haɗawa babba ake so, 1024 ko fiye, tun da babu mai bugawa. Lokacin ɗauka kuma ƙarami. Sauya shi ya kamata ya zama jiki, kamar sauya giyar mota a hawa da gangara.

Akwai kuma ƙaf-ƙaf ɗin da littattafan Turawa ba su cika ambata ba, domin ba su san watan Afrilu a ƙasarmu ba. Mutum zai ce maka da safe aikinsa lafiya, da azahar ya rikice, alhali bai taɓa komai ba. Zafi ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone, ga kuma ƙurar hunturu da ta toshe mata fanka tun watan Janairu. A kai ta a buɗe a hure ta, a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, a ɗaga mata gindi iska ta ratsa. Haka nan in tana kan batir, Windows yakan rage mata ƙarfi domin tattali, sai an shiga saitin wuta an zaɓi cikakken ƙarfi. A kashe Wi-Fi da Bluetooth lokacin ɗauka. Layin da aka gama da shi kuma a daskarar da shi, watau a mai da shi sauti tsantsa, ya daina cin ƙarfin na'ura.

Wata rigimar kuma takan taso ne bayan an biya kuɗi, ita ce ta fi ciwo. Wani mai shirya fim ya taɓa zuwa wurina yana huci, wai an yi masa waƙa a wani ɗaki, da ya ɗora a fim sai muryar mawaƙiyar ta koma ta ƙaramar yarinya, bakinta kuma ya daina bin waƙar. Har ya fara zargin an sauya masa mawaƙiya. Ba a sauya kowa ba. An ɗauki waƙar a kan 44,100, aikin fim kuwa a kan 48,000 ake yinsa. In na'ura ta karanta na farko da gudun na biyu ba tare da ta juya shi ba, waƙa takan ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, murya ta hau sama, waƙar minti biyar ta ƙare a minti huɗu da daƙiƙa 36. In aka yi akasin haka kuma sai mace ta koma kamar mai mura. Maganin tambaya ce ɗaya kafin a kunna makirfo: ina waƙar nan za ta? In fim ne ko bidiyo, 48,000. Sa'an nan a tabbata lambar ɗaya ce a wuri uku, a manhaja, a akwatin sauti, da saitin sautin Windows. Masu ɗaga ta zuwa 96,000 domin burga, ni dai ban ga ribarsu ba. Sun ninka wa kwamfuta aiki, sun cika faifai, waƙar kuma a wayar hannu za a ƙare jin ta.

Sai gurnani, wannan "huuum" da ke kwance a ƙarƙashin murya. Shi ba daga manhaja yake ba sam, daga bango yake. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, watau 50 Hz, kuma wannan juyin ne kake ji, shi da ƴaƴansa 100 da 150. Gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, caja kuma ta kasuwa ce. Gwajin ba shi da wuya: zare cajar kwamfutar daga bango. In gurnanin ya ɗauke, ka kama ɓarawo, sai ka riƙa ɗaukar murya a kan batir. In bai ɗauke ba, ka cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya kana saurare. A haɗa kwamfuta da lasifika da fiyano a soket ɗaya. A yi amfani da wayar makirfo mai haƙori uku, ita aka yi domin kashe irin wannan ƙara, kuma kada a bar ta ta kwanta jere da wayar wuta. Akwai masu ba da shawarar a karya ƙarfen ƙasa na fulogi. Gurnanin yakan tafi, amma ran mai riƙe da makirfo ne aka sa a caca, kada wanda ya yi.

In an riga an ɗauka da gurnanin, akwai matatar da ke cire shi. Sai dai a duba lambar da ke jikinta, domin wasu a kan 60 suke zuwa, ma'aunin wutar Amurka, ka yi ta tacewa ba abin da ya ragu. A mai da ita 50. Da injin wuta kuwa, wanda muke kira gurup, aikin ya fi wuya, domin juyinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, matata tana nan gurnani yana can. Ni in an ɗauke wuta gara in yi da batir in bar injin ya huta, ko ba komai ƙararsa ba za ta shigo ta taga ba. Wayoyin salula kuma a bar su a zaure.

Batun ƙarfin ɗauka ba zan daɗe a kansa ba. Mu ƴan zamanin kaset mun saba tura allura har ta taɓa ja domin a rufe shuuu ɗin kaset. A kwamfuta ja halaka ce: in sauti ya kai sifili ya fashe, babu mai ɗinke shi. A ɗauka a kan bit 24, a bar mafi ƙarfin bugu ya tsaya wajen desibel 10 ko 12 ƙasa da sifili, musamman da kalangu da masu kirari, waɗanda kan yi tsawa ba sanarwa. In kuma makirfo ya yi shiru gaba ɗaya, kafin a ce ya mutu a duba ko irin mai bukatar wuta ne, akwai maɓalli mai rubutun 48V a jikin akwati.

Na san yawancin yaranmu da manhajar da aka fasa wa makulli suke aiki, wadda ake zubawa a filas a kasuwa. Ba zan yi wa'azi ba, na san halin aljihu. Amma duk kwamfutar da aka kawo mini tana rufe kanta a tsakiyar aiki, nakan tarar an cusa mata fulogin ɗari biyu na sata, ba a amfani da ko goma, wasu ma da ƙwayar cuta suka zo. Ga kuma tsofaffin fulogin masu bit 32 da ake tilasta wa sabuwar manhaja mai bit 64. Cubase ma tun fitowa ta 9, a 2016, ya daina karɓarsu. Audacity kyauta ne. Reaper yana ba da kwana 60 na gwaji, lasisinsa na mai ƙaramin aiki dalar Amurka 60. FL Studio in ka saya sau ɗaya, sabuntawa kyauta ce har abada. Kuɗin waƙar biki nawa ke nan?

Yanzu ga inda ni da samari muke sa-in-sa, domin wannan saiti ne da ba ya yin ƙara, ba ya kashe kwamfuta, amma yana iya kashe waƙa. Auto-Tune ya fito a 1997, duniya ta san shi da waƙar Cher ta 1998, mawaƙan finafinan Hausa kuma suka rungume shi har ya zama tambarinsu. Ba na ƙinsa. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Abzinawa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da wannan murya ta inji, waƙoƙin kuma suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara. Wanda ya zaɓi wannan salo da gangan, ya sa saurin gyara a sifili, ya san abin da yake yi. Abin da nake ƙi shi ne a bar shi a kunne ga kowa da kowa. Manhaja tana zuwa da awon Turawa, muryoyi goma sha biyu da aka ɗaure a kan 440 Hz. Mai gurumi kuwa da maƙogwaronsa yake ɗaure tsarkiya, yadda muryarsa ta tashi a ranar. Waƙoƙinmu da yawa a kan muryoyi biyar suke tafiya, kuma Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna cikin ma'anar kalma. In injin ya fizgi gaɓa ya kai ta inda ba nan mawaƙi ya nufa ba, mai saurare zai ji wani abu ya goce ko da bai san sunansa ba. In dole sai an sa, a zaɓa masa muryoyin da waƙar ke takawa kaɗai, a rage masa sauri. In kuma za a ɗora fiyano a kan gurumi, fiyanon za a karkata ya bi gurumi, akwai wurin yin haka a saitinsa.

Haka batun awon kiɗa. Yawancin manhajojin nan da 4/4 suke buɗewa, da ɗan agogo mai ƙwanƙwasa a kunne, da wani saiti mai jan kowane bugu ya zauna daidai kan layi. Kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya, 6/8 ko 12/8, kuma makaɗin gargajiya yana ƙara wuta in waƙa ta yi daɗi, ya lafa in mawaƙi zai yi magana. Da dattijon kalangun nan kashe agogon muka yi ɗungum, muka bar shi ya ja, daga baya aka sa manhaja ta bi shi. Malam Maman Barka, gwanin gurumi da biram, ya rasu a 2018. Irinsu ba su da yawa, kuma duk wanda aka samu aka ɗauka, yadda aka ɗauke shi ɗin nan haka jikoki za su san shi.

Saura ajiya. A kunna ajiyar kai-da-kai ta manhaja, kowane minti biyar, saboda wuta ba ta sallama in za ta tafi. In an gama aiki a fitar da kowane layi daban a matsayin WAV, tun daga farkon waƙa har ƙarshe, domin fayil ɗin manhaja ba lalle ya buɗu ba bayan shekara goma, MP3 kuwa na rabawa ne, an riga an zubar da wani abu daga cikinsa. A rubuta sunan makaɗi da garinsu da kwanan wata a sunan fayil ɗin, a ajiye a wuri biyu, ɗaya ba a cikin ɗakin ba. Kada a ce babu wuri: layi ɗaya a kan 44,100 da bit 24 bai kai mega 8 a minti ba, awa guda ba ta cika mega 500 ba, filas mai jiga 32 zai ɗauki fiye da awa 60.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.